Wace bishiya ta dace da titunan Gombe, da ido za a zaɓa ko da lissafi?

Sadiq Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya wajen ƙarfe biyu na tako da ƙafa daga Cross zuwa babbar kasuwa, wlh sai da na ji kamar kaina zai tafasa, ƙarshe rumfar wani mai cajin waya na raɓa na huta. Tun lokacin abin yake min yawo a rai. A 2019 aka ƙaddamar da Gombe Goes Green da burin dasa bishiya miliyan 4 cikin shekara 4, kuma ga ƙungiyoyi da makarantu da masallatai kowa yana dasa nashi, alhamdulillah. Tambayata ita ce, in za a dasa a bakin titi, da me ake zaɓar irin da za a sa? Ni a ganina lokaci yayi da zamu daina dasa duk abinda muka samu a leda, mu tara data tukun, mu ga wace bishiya ce take rayuwa a wane titi, wacce take fasa kwalbati, wacce take da inuwa a watan Maris da Afrilu lokacin da ake neman inuwar. Me kuka gani?

Usman Mai Keke:
Wa alaikumus salam. Data kuma? Mu da ta kallon bidiyo ma ta gagare mu shine zamu saya wa bishiya 😂

Sadiq Jekadafari:
Hhhh Usman ba wannan ba. Bayanai nake nufi, ƙidaya da awo a rubuce.

Usman Mai Keke:
Na gane ai tsokana ce. Amma tsakani da Allah meye na wahalar da kai, a sa maina kawai a wuce wajen. Bata son ruwa, akuya bata damu da ita ba saboda ɗaci, shekara uku ka samu inuwar da zaka faka keke. Mu da muke yini akan titi mun san inda fasinja yake tsayawa, gindin maina ne.

Maman Ilham Pantami:
Usman wa yace maka akuya bata cin maina? Zo layinmu da rani ka gani, in yunwa ta kai mata har ɓawon take gwaguya. Mu shekara biyu da suka wuce matan layinmu muka yi karo karo muka sayi dashe goma sha biyu, mangwaro huɗu, maina biyar, da wannan doguwar siririyar da ake cewa maskuret guda uku. Na rantse muku jarka jarka muke sayen ruwa wajen 'yan garuwa muna zubawa. Yanzu uku suka rage kuma duk maina ne, biyu daga ciki ma don maigidan da suke ƙofarsa ya zagaye su da bulo ne. Mangwaron gara ta cinye biyu, ɗaya mota ta taka da ribas, ɗayan ban ma san me ya kashe shi ba kawai mun tashi mun ga ya bushe.

Sadiq Jekadafari:
Adda wannan da kika rubuta yanzu shine datar da nake magana wlh. Iri kaza, guda kaza, an kare ko ba a kare ba, me ya kashe ta. Da ace kowane layi a Pantami da Bolari da Herwagana da Tudun Wada zai rubuta irin wannan a haɗa waje ɗaya, da ba sai anyi gardama ba.

Bappa Manu:
Salamu alaikum. Ina ta karanta ku ina murmushi. Ni aikin daji nayi har na ajiye, tun muna ƙarƙashin jihar Bauchi kafin a cire Gombe a 1996. Ɗana Sadiq maganarka tana kan hanya amma bari in fara da abinda zai fara ɓata maka lissafi tun kafin ka je ga kwamfuta, wato suna. Bishiya ɗaya, Usman yace maina, Bakano zai ce darbejiya, wani yace dogon yaro, wani yace bedi. Sannan akwai waɗanda in sun ce dogon yaro turare suke nufi, wannan dogon mai farin jiki da aka kawo daga Ostireliya. To ka tura yara ashirin su ƙirga maka, kowa ya rubuta da sunan gidansu, sai ka ga takardarka ta nuna iri huɗu alhali abu ɗaya ne, ko ta haɗe maka biyu su zama ɗaya. Shi yasa mu a wajen aiki sai an rubuta sunan kimiyya, ita mainar Azadirachta indica ce ko a ina.

Sadiq Jekadafari:
Allah ya ƙara lafiya Bappa. Wannan gaskiya ne, maganinsa shine kar a bar mutum ya rubuta suna da hannunsa. Akwai manhaja kyauta irin KoboToolbox, zaka tsara fom a waya, mutum ya zaɓa daga jerin da aka riga aka sa da hoton ganye a gefe, ya ɗauki hoton bishiyar, wayar ta ɗauki inda take a taswira. Ko babu netwok yana aiki, sai an dawo gida a tura.

Bappa Manu:
To madalla. Na biyu kuma, ita mainar da ake ta yabo ba 'yar ƙasar nan bace, asalinta Indiya da kewaye, zamanin Turawa aka shigo da ita ta fara yaɗuwa daga Borno. Ta yi mana rana ba ƙarya. Amma a shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya faɗa mata a yankin tafkin Chadi, da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadin duk ya taɓa, bishiyoyi suka dinga zubar da ganye. Ka ɗauka garin da kusan duk inuwarsa maina ce irin wannan ya shigo da ƙarfi, ina za a fake?

Sadiq Jekadafari:
Bappa kun taɓo inda nake son zuwa. Amurka irin wannan ya same su har sau biyu. Da farko sun cika titunansu da wata bishiya da suke kira elm, cuta ta zo ta share su layi layi. Suka maye da yawa da wata mai suna ash, sai ga wani koren ƙwaro da aka gano a jihar Mishigan a 2002, shima ya kashe miliyoyi. A 1990 wani masani Frank Santamour ya kawo shawarar da har yau ake ambata, 10-20-30, wato kar iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin ɗari na bishiyoyin gari, kar 'yan ɗaki ɗaya wato ire-iren da suka fi kusa da juna su wuce kashi 20, kar dangi ɗaya gaba ɗaya ya wuce kashi 30. To mu a Gombe ko ba a ƙirga ba ido ma ya san maina ta yi wa kashi 10 fintinkau.

Bappa Manu:
Ka ƙara da wannan, madaci da maina dangi ɗaya ne a wajen masana. In ka gudu daga maina ka cika gari da madaci baka yi nisa ba.

Injiniya Tumfure:
Ni ta ɓangaren titi zan yi magana don mu ne muke ganin ɓarnar daga baya. Mutane suna zaɓar bishiya da kanta na sama, mu kuma saiwa muke kallo. Ceɗiya da durumi da gamji inuwarsu babu kamarta, amma ka sa ɗaya a tazarar mita ɗaya da kwata ka dawo bayan shekara goma, zaka samu ta ɗaga kankaren ta tsaga shi, ruwa ya fara bi ta ƙasa, kuma kun san ƙasar garin nan yawanci yashi ce, da ruwa ya samu kafa shikenan zaizaya ta fara, duk wanda ya ga kwarin da ya ci bayan kwalejin ilimi ta FCE kafin a gyara ya san ba wasa bane. Haka wannan mai hawa hawa kamar lema da kowa yake sawa a ƙofar gida yanzu, saiwarta a sama sama take tafiya, intalok take turewa. Don haka Sadiq in zaka yi fom ɗinka, kar ka tsaya kan bishiya kaɗai, ka auna wajen. Faɗin fili tsakanin kwata da katanga mita nawa ne, akwai wayar wuta a sama ko babu, bututun ruwa ya bi ta nan ko bai bi ba, kusa da mahaɗar titi ne inda zata tare wa direba gani ko a'a. Wani wajen amsarsa ma itace kar a dasa babbar bishiya sam.

Usman Mai Keke:
Maganar waya gaskiya ne. Akwai wata maina a layinmu da muke zaman majalisa, rannan aka zo aka sassare mata kai saboda ta taɓa waya, yanzu ta koma kamar wanda aka yi wa aski rabi aka gudu.

Injiniya Tumfure:
To laifin wa? Wanda ya dasa bishiyar da zata kai mita 15 a ƙarƙashin waya. Ita bata san waya ba, girma kawai take.

Yakubu Mai Dashe:
Ku yi haƙuri in sa baki tunda sana'ata ake taɓawa. Duk wannan lissafin naku yana da kyau amma ni abinda ake saya nake reno. Mutum zai zo yace bani mai saurin girma, bani mai kyau irin ta gidan wane. Na taɓa cika leda ɗari da tsamiya da kanya da marke, sun shekara a wajena ina basu ruwa babu wanda ya taya, ƙarshe kyauta na rabar. Tsamiya ma wata hajiya cewa tayi in rufa mata asiri kar in kai mata gidan aljanu ƙofar gida. In kwamfutarku ta ce kanya ce ta dace da titin Dukku, sai a gaya mana tun shekara guda kafin lokaci kuma a tabbatar za a saya, ba ranar dashe a zo ana neman guda dubu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman Ilham Pantami:
Hhhh maganar aljanun tsamiya fa ba ƙarya yayi ba, kakata ko da rana bata yarda mu zauna gindinta. Amma Sadiq wannan ma ai abin rubutawa ne ko? Don in mutanen layi basa son bishiya babu mai zuba mata ko kofi ɗaya. Ni dai da za a tambaye ni bana son bishiyar nan da ake cewa furut a bakin titi, ganyenta fala fala in ya zubo mu mata ne da shara kuma shi yake toshe kwata. Mangwaro kuma da ya fara 'ya'ya yara sun dinga jifa kenan har gilashin motar mutane.

Sadiq Jekadafari:
Sosai ma Adda, a sa a fom, a tambayi masu gida da masu shago.

Bappa Manu:
Yakubu ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Bari in ɗan daɗe akan wannan don anan nake ganin ƙidaya zata fi amfani, kuma anan zata iya yaudarar ku. In kuka fita yau kuka ƙirga bishiyoyin da suke tsaye, waɗanda suka rayu kawai zaku gani. Matattu basa tsayawa a ƙirga su. Zaku shiga GRA ku ga manyan madatai ku ce ashe madaci yana yi a Gombe, baku san guda nawa aka dasa suka mutu ba, kuma baku san cewa wancan lokacin akwai lebura da aikinsa kenan ya basu ruwa ya kore dabba. Sannan zaku ce marke baya yi a titi saboda baku ganshi ba, alhali ba a taɓa gwada shi bane. Don haka ƙidayar da nake so itace ta dashe sabo. Ranar da aka sa shi a rami a bashi lamba, a rubuta iri, a rubuta wata, a rubuta an yi masa keji ko babu, wa ya ɗauki nauyin ruwa. A dawo ƙarshen Afrilu a duba, ba a watan Satumba da ko sanda ka kafa zata yi kore ba. A sake dawowa Afrilu na biyu da na uku. Wanda ya haye rani uku ya zama bishiya. Mu nan ruwanmu daga wajen Mayu ne zuwa Oktoba, sauran wata shida kuwa sai abinda aka zuba da hannu, to dashen da aka yi a Yuli yana da wata uku yana kafa saiwa, wanda aka yi a ƙarshen Satumba don a ɗauki hoto kuwa maraya ne tun ranar farko. Sai ka ga an ɗora wa iri laifi alhali laifin watan da aka dasa ne.

Sadiq Jekadafari:
Wlh Bappa kun gama magana. Kuma akwai inda aka yi kusan haka a Afirka ba sai mun tafi Turai ba. A Firitawun babban birnin Saliyo, magajiyar garin Yvonne Aki-Sawyerr ta fara shirin dasa bishiya miliyan ɗaya a 2020, kowace bishiya ana ɗaukar hotonta da inda take a waya, masu kula da ita suna komawa suna sake ɗauka, ana biyansu akan kulawar ba akan sa ta a rami kawai ba.

Usman Mai Keke:
Yauwa yanzu ka zo inda nake ji. In akwai biya ni na ɗauki titin Biu gaba ɗaya.

Fati 'Yar Kashere:
Salam, ɗaliba ce ni ina ta bi a hankali. Ya Sadiq ina da tambaya, ba za a iya yin duk wannan da hoton tauraron ɗan adam ba a huta da yawo a rana? Malaminmu ya nuna mana taswirar zafi a aji.

Sadiq Jekadafari:
Ana iya wani ɓangare ƙanwata. Hotunan Landsat kyauta ne tun 2008 kuma suna nuna zafin doron ƙasa, Sentinel-2 kuma yana nuna kore, kowane ɗigo mita 10. In kika ɗauki na watan Maris kika buɗe a manhajar taswira ta QGIS zaki ga unguwannin da suka fi ƙuna da waɗanda suke da inuwa, wannan zai gaya mana INA za a fara. Amma bazai gaya miki wannan maina ce wancan mangwaro bane. Kuma Landsat da hantsi yake wucewa ba ƙarfe biyu ba, sannan zafin kwano da kwalta yake aunawa ba iskar da mutum yake shaƙa ba, awon zafin nasa ma kusan mita 100 yake haɗewa waje ɗaya. Dole sai an taka. Ko birnin Niyok na Amurka da duk kuɗinsu da ƙafa suka bi titi titi a 2015 da 'yan sa kai, suka ƙirga sama da bishiya dubu 666.

Fati 'Yar Kashere:
To me yasa sai Maris? Ba gara lokacin damina da komai ya fito ba?

Bappa Manu:
'Yata da damina ciyawa ma kore ce zata ruɗe ki. Kuma inuwar da ake nema ta bazara ce. Kuka da rani tsirara take. Malaina tana zubar da ganye. Wannan mai jan fure da ake sawa a makarantu, lokacin da rana ta fi zafi fure ne a kanta ba ganye ba, kyau kawai. Gawo kuma akasin kowa yake, da damina ya kaɗe da rani ya yi ganye, sai dai ƙaya gareshi kuma 'ya'yansa suna tara dabbobi, a gona sarki ne amma a tsakiyar titi sai ayi tunani.

Alhaji Bolari:
Ni fa duk na ji ku amma ina da ja. Iyayenmu da suka dasa durumin ƙofar fada da ceɗiyoyin kasuwanni wace kwamfuta suka duba? Kar mu mai da abu mai sauƙi ya zama sai an yi taro a otal an ci kuɗin takarda shekara biyu ba a dasa ko ɗaya ba. Na ga irin wannan da yawa, a ƙare da littafi mai kyau a kabad.

Injiniya Tumfure:
Alhaji lokacinsu babu kwalta babu kwata babu waya a sama, fili ne iya ganinka. Yanzu mita ɗaya da rabi ake rigima akai tsakanin mai shago da mai faka mota.

Alhaji Bolari:
Na yarda da wannan. Amma tsorona yana nan.

Bappa Manu:
Alhaji tsoronka a kan hanya yake, nima na ga littattafan kabad ɗin da idona, wasu ma da hannuna aka rubuta su. Amma iyayen namu ma ai lissafi suke, a ka yake kawai. Tsoho ya san baure sai bakin rafi, aduwa da kurna ko ina suka faɗi sun rayu, ya san in ka fita gabas ta wajen Deba akwai baƙar ƙasa mai tsagewa da rani wadda ba kowane ice yake jure ta ba. Shekara hamsin yana kallo kafin ya sani. Matsalar itace ya tafi da abinsa kabari, jikansa kuma yana zaɓar bishiya daga hoton gidan wani a Abuja.

Sadiq Jekadafari:
Alhaji ba otal ba komai. Shawarata mu gwada da titi ɗaya tak, mu da kanmu. Abin buƙata waya, tef ɗin tela, da alli. Kowace bishiya a auna kaurinta a daidai tsayin ƙirji wato mita 1.3 daga ƙasa, a auna faɗin inuwarta da taku, a duba ta fasa wani abu ko bata fasa ba, an sassaƙe mata ɓawo ko a'a. Har ramukan da aka dasa abu ya mutu da kututturan da aka sare duk a rubuta, a tambayi mai shagon kusa me aka taɓa sawa anan, ko zamu ɗan kamo matattun da Bappa yake magana.

Yakubu Mai Dashe:
Maganar ɓawo ku sa ta da kyau. Madaci a bakin titi masu magani basa barinsa, zaka ga an zagaye shi da sassaƙa har ya bushe a tsaye. In ba za a tsare shi ba asarar leda ce.

Maman Ilham Pantami:
Ni zan kawo 'yan ajina na babbar sakandare guda biyar in dai Asabar ce kuma da safe, amma sai na nemi izinin iyayensu tukun. Kuma dan Allah a fara da Pantami.

Usman Mai Keke:
A'a Adda, Cross zuwa kasuwa inda kan Sadiq ya tafasa, nan ya kamata a fara.

Injiniya Tumfure:
Nan ɗin ai ba bishiyar ƙirgawa sosai, minti talatin kun gama. Ku ɗauki inda yake da gauraye, tsofaffi da sabbin dashe.

Fati 'Yar Kashere:
Ya Sadiq in ka tsara fom ɗin turo min in gwada a wayata, ƙarama ce kar ranar ta ƙi buɗewa. Kuma a jerin sunayen me za a rubuta, maina ko darbejiya?

Usman Mai Keke:
Maina mana, a Gombe muke.

Alhaji Bolari:
Mu dai dogon yaro muka tashi muna ji.

Bappa Manu:
Kun gani ko, tun ba a fita ba. Sadiq sa duka ukun a layi ɗaya da hoton ganyen, turare kuma ka bashi layinsa daban. Asabar ɗin ku biyo ta gida ku ɗauke ni, ƙafata bata son doguwar tafiya yanzu amma zan zauna a keken Usman ina faɗa muku sunaye.

Usman Mai Keke:
An gama Bappa, man fetur dai a kan Injiniya.